Motar da Ba Ta Tari

Shekara talatin da huɗu ina kwance ƙarƙashin motocin mutane
a bayan Panteka, inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta ƙoshi.
Kunnena ne jarina.
Mota ta yi tari daga bakin titi, in ce filogi ne,
ta yi gurnani, in ce a kwance salansa.
Barau ne ya koya mini, Allah ya jiƙansa,
zamanin da Fijo ke fitowa fil daga Kakuri
tana ƙamshin leda.

Ran Laraba bayan la'asar
wata ta shigo garejina ba sallama.
Ban ji ta ba.
Akuyar Talatu mai tuwo ma ba ta ji ta ba
sai da hancin motar ya shafi ƙugunta.
Fara ce sumul, tafiyarta ta kyanwa a kan tabarma.

Mai ita malamar asibiti ce daga Barnawa.
Ta ce ƙofar baya ce ke kuka, shi ke nan.
Amma hannu ya saba, na ɗaga bonet.
Babu inji.
Lema na gani, da wata igiya a naɗe, da takalmin yaro ƙafa ɗaya.
Na yi tsaye kamar mahaucin da ya farke ciki
ya tarar babu hanji.

Jatau, yarona mai zuwa Poli da yamma, ya ce,
Oga, wuta take sha, kamar waya.
Na ce, wace wutar?
Tamu ta Rigasa, mai leƙowa ƙarfe biyun dare
ta gudu kafin ladan ya yi gyaran murya?

Malamar ta yi dariya.
Ta ce ta shimfiɗa sola a kan kwanon gidanta,
rana ke ciyar da motar,
wata bakwai rabonta da layin gidan mai.
Sai dai Zariya ce iyakarta.
In ta wuce nan, gabanta faɗuwa yake yi,
don ba inda za ta jona a hanya.

Na tambayi kuɗinta. Ta faɗa, a hankali.
Na haɗa gidana da garejin da gonar gadonmu ta Kujama,
na ɗora akuyar Talatu a kai,
ba su kai ba.

A rediyo ana ta cewa za su yawaita,
har direban Kawo zai samu, har mai Keke.
To, Allah ya sa.
Ni dai na san wanda ya kwana uku a layin mai
ba zai zagi rana ba.
Na kuma san ƙirjina: kowace asuba
sai na tofar da hayaƙin shekara talatin da huɗu.
Jikata Asabe ba ta bin titin kasuwa sai da ƙyalle a hanci.

Amma yaran nan masu galan a gefen hanya fa?
Da mai sayar da fistin? Da ni?
Ba wanda ya ambace mu a rediyon.

Na ɗiga wa ƙofar mai, digo biyu, ta yi shiru.
Abin da kunnena ya samu ke nan a jikinta.
Ta fita yadda ta shigo,
ko ƙurar bankwana ba ta tayar ba.

Da dare na ce, Jatau, ɗauko littafin nan naka
mai zanen wayoyi ja da shuɗi.
Ya buɗe shafin farko, aka ɗauke wuta.
Na ce, kunna tocila,
fara daga inda batir yake.